Tambayoyin Masu Karatu: Laka ta cike dam ɗinmu, ƙasa nawa muka rasa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni sakataren ƙungiyar manoman rani ne a wani ƙauye kusa da Ɗambatta. Ƙaramin dam ɗinmu a da yakan riƙe ruwa har damina ta zagayo, yanzu kuwa tun watan Fabrairu yake ƙafewa. Dattawa sun ce laka ce ta cike shi. Shin za mu iya auna ta da kanmu, mu san yawan ƙasar da gonakinmu ke asara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Za ku iya, kuma kayan aikin ba su wuce tef, igiya, shebur, sikeli da rodi mai tsini ba.

Ku bari sai ya ƙafe, wajen Maris ko Afrilu. Ku ja igiya daga wannan baki zuwa wancan, layi-layi, kuna caka rodin duk bayan mita 10. Laka takan bari ya shige salin-alin. Da ya isa asalin gindin dam ɗin za ku ji ya turje a hannu. Amma kada ku amince da rodi shi kaɗai, domin busasshen yumɓu kan yaudare shi. Ku haƙa ramuka uku ko huɗu ku gani da ido: lakar da ruwa ya kawo kwance take hawa-hawa, launinta daban da na ƙasar gindi.

Ga misalin lissafi, lambobin nawa ne, ku sa naku. A ce tsawon dam ɗin mita 100 ne, faɗinsa 50, matsakaicin kaurin lakar santimita 60. In aka ninka tsawo da faɗi da kauri (100 sau 50 sau 0.6 na mita), kubik mita 3,000 ke nan. Sai ku kifa gwangwani mai cin lita ɗaya ku danna shi cikin lakar, ku ciro shi ba tare da kun dandaƙa ta ba, ku shanya ta bushe ƙarau, ku ɗora a sikeli. Idan ta ba da kilo 1.3, to kowane kubik mita tan 1.3 ne, jimilla tan 3,900. In shekara 15 ke nan rabon da a yashe shi, duk shekara tan 260 ke shiga. Raba wannan da faɗin filin da ruwansa ke gangarowa cikin dam ɗin, a ce hekta 50, kowace hekta tana zubar da tan 5 da ɗoriya a shekara, wato kusan buhu 50 na ƙasa, mai kilo 100 kowanne. In aka baje ta a gona ba ta kai rabin milimita ba, shi ya sa manomi ba ya ankara sai amfani ya fara ja baya.

Gano iyakar wannan fili shi ne inda mutane suka fi yin kasala. Ku bi kan tudu da ƙafa bayan an sha ruwan sama, ku ga inda ruwa ya rabu biyu, ku sa alama da GPS na waya, sannan ku auna faɗin filin a manhajar taswira ta Google Earth.

Abin da kuka samu mafi ƙarancin asarar ne. Wata ƙasar ta kwanta a hanya ba ta iso ba, wata ta bi ambaliya ta mafitar ruwa ta wuce, masu yin bulo kuma sun kwashi rabonsu. Ku tambaye su, su ne suka fi kowa sanin kusurwar da aka fi ɗiba.

Ni abin da ya fi jan hankalina a irin wannan aiki shi ne kamannin lakar. In yashi ne mai kaushi ya taru a mashigar ruwa, ku nemi kwazazzabo ko wata hanyar shanu da ruwa ke ci a sama. In baƙar laka ce mai laushi ta fi yawa, saman gonakinku ne ya taho tare da takinsa. Wannan kada ku jibge ta a bakin dam in kun tashi yasa, ruwan farko zai mayar da ita. Ku kai ta gona a amalanke, sannan ku dasa jema ko gamba a layi, a gicciye da gangara, tun daga gonakin da suka fi tudu.