Fasaha, Kimiyya da Ƙare Dangi

Wani mai karatu daga Zariya ya aiko da tambaya: "Malam, na ji a rediyo an ce 11 ga Mayu ita ce Ranar Fasaha ta Ƙasa a Indiya, kuma wai tushenta gwajin makamin ƙare dangi ne. Ina ruwan fasaha da bam? Ba kimiyya ya kamata a ce ba?"

To, Malam, ka ji daidai. Ranar 11 ga Mayun 1998 Indiya ta tayar da bama-baman nukiliya uku a ƙarƙashin ƙasa a Pokhran, cikin hamadar jihar Rajasthan, ta ƙara biyu ranar 13. Atal Bihari Vajpayee ne firaminista a lokacin, kuma cikin jagororin aikin akwai Abdul Kalam, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasa. Tun 1999 ake bikin ranar.

Kalmomin nan biyu duka aro ne daga Larabci. Kimiyya asalinta ilimin haɗa sinadarai ne, sai muka faɗaɗa ta ta zama sanin yadda halitta ke aiki. Fasaha kuwa ta yi doguwar tafiya. A Larabci iya magana ce, tsabtar harshe. A bakin Bahaushe ta koma gwaninta da kaifin basira, shi ya sa ake ce wa mawaƙi fasihi, a kuma ce maƙerin da ya fitar da kan garma sumul, ba karkata ba tsaga, yana da fasaha. Daga maƙera ta tsallaka zuwa injuna. Saboda haka sanin cewa ƙwayar zarra na tsagewa ta saki ƙarfi kimiyya ne, ƙera abin da zai tsaga ta ɗin fasaha ce. Mai fassarar bai yi kuskure ba.

Ni kalmar da ta fi jan hankalina a tambayarka ita ce ƙare dangi. Ba a gidan rediyo aka haife ta ba. Tsofaffin ƙamusai sun kawo ta a matsayin sunan wani dafin da ake shafa wa kibiya. Ginin nata irin na "faɗi-tashi" da "cika-ciki" ne, aikatau a gaba. Nukiliya suna ne kawai, har lantarki ake samu da ita. Ƙare dangi kuwa hukunci ne, ya riga ya faɗi abin da makamin zai yi. Na sha jin ana cewa "tashar lantarki ta ƙare dangi", abin yana ci mini rai, don ba haka ba ne.

Idan karin magana kake nema, ga "ramuwar gayya ta fi gayya zafi". Kwana 17 bayan gwajin farko, ranar 28 ga Mayu, Pakistan ta yi nata a duwatsun Chagai, ita ma tana bikin ranar da sunan Yaumut Takbir.