Tambaya da Amsa: Yadda Ake Watsa Wasannin Ƙungiyar Dodgers a Rediyo da Talabijin

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce mai nazarin aikin jarida a Zariya. An ambata mana a aji cewa a Amurka kowace ƙungiyar besbol tana da nata masu sharhi a rediyo da talabijin, har ma akwai wanda ya yi wa ƙungiya ɗaya aiki fiye da shekara 60. Ina neman ƙarin bayani a kan asalin wannan al'ada da kuma dalilin da ya sa ta yi ƙarfi haka.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malama. Abin da aka gaya muku gaskiya ne, kuma mutumin da ake nufi shi ne Vin Scully, wanda ya yi wa ƙungiyar Dodgers sharhi daga 1950 zuwa 2016, wato kakar wasa 67 a jere. Amma kafin a zo kansa, yana da kyau a fahimci yanayin wasan kansa, domin shi ne ya haifar da irin wannan aiki. Kowace ƙungiya a babbar gasar Amurka tana buga wasa 162 a kaka guda, daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba, kusan kullum ke nan. Ga shi kuma wasa ne mai yawan tsayawa: mai jifa ya jefa ƙwallo, mai bugu ya kai mata sanda ko ya ƙyale, sannan a ɗan dakata kafin jifa na gaba. Mai sharhin ƙwallon ƙafa bin ƙwallo yake yi da baki ba hutawa, shi kuwa na besbol yana da sarari tsakanin jifa da jifa, kuma a wannan sarari ne yake ba da labarin 'yan wasa, garuruwansu da tarihin ƙungiyar. Wanda ya saba jin murya ɗaya kowane dare na tsawon wata shida, shekara da shekaru, dole ya ɗauke ta tamkar ta ɗan gida.

An fara watsa wasan babbar gasa a rediyo ranar 5 ga Agusta, 1921, lokacin da Harold Arlin na gidan rediyon KDKA ya yi sharhin wasan Pittsburgh Pirates da Philadelphia Phillies. A shekarun da suka biyo baya, gidajen rediyo da yawa ba su da halin tura ma'aikaci duk inda ƙungiya ta tafi, sai mai sharhi ya zauna a ɗakin watsa shiri ana aiko masa da gajerun saƙonni ta wayar tangaraho, shi kuma ya mayar da su cikakken labari kamar yana gani da idonsa. Ronald Reagan, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka, ya yi wannan aiki a gidan rediyon WHO da ke jihar Iowa a shekarun 1930, yana ba da wasannin Chicago Cubs.

Masu ƙungiyoyi da dama sun ji tsoron rediyo da farko, suna ganin wanda zai ji wasa kyauta a gida ba zai sayi tikiti ba. Ƙungiyoyi uku na birnin New York, wato Yankees da Giants da Dodgers (a lokacin tana unguwar Brooklyn), sun yi yarjejeniya a shekarun 1930 cewa ba za su bari a watsa wasanninsu ba. Larry MacPhail, shugaban Dodgers, shi ne ya kawo ƙarshen wannan a 1939, ya ɗauko mai sharhi Red Barber daga Cincinnati. A wannan shekarar dai, ranar 26 ga Agusta, aka nuna wasan babbar gasa na farko a talabijin, tsakanin Dodgers da Cincinnati Reds a filin Ebbets, kuma Barber ne ya yi sharhin. Tsoron masu ƙungiyoyin bai tabbata ba, domin rediyo ya shigar da wasan cikin gidajen da ba su taɓa damuwa da shi ba, ya mayar da mutanen gidan masu neman tikiti.

A hannun Barber ne Scully ya koyi aiki, yana ɗan shekara 22. Da ƙungiyar ta ƙaura zuwa Los Angeles a 1958, ta fara wasa a filin Coliseum, wanda ba don besbol aka gina shi ba, kuma kujeru da yawa sun yi nisa ƙwarai da inda ake jifa da bugu. Sai 'yan kallo suka riƙa zuwa da ƙananan rediyoyinsu na hannu, suna kallon fili suna sauraron Scully yana bayyana musu abin da ke faruwa a gabansu, har muryarsa ta riƙa tashi daga ko'ina cikin filin. A waɗannan shekarun kuma ƙungiyar ba ta cika barin a nuna wasanninta na gida a talabijin ba, saboda haka ta rediyo ne mutanen birnin suka san ta.

Abin da nake so ki riƙe a matsayinki na mai koyon wannan sana'a shi ne yadda ya yi aikin. Yawanci shi kaɗai yake zama, ba tare da abokin hira ba, domin yana ganin da mai sauraro yake magana kai tsaye. Bai kasance mai yi wa ƙungiyarsa kirari a lokacin sharhi ba. Idan ɗan wasan abokan hamayya ya yi bajinta sai ya yaba masa. Sannan ya san lokacin yin shiru. A 1974, da Hank Aaron na Atlanta Braves ya yi bugun da ya karya tarihin da tsohon gwarzo Babe Ruth ya kafa na yawan bugun "home run" (bugun da ke kai ɗan wasa zagaye fili ya ci maki) a wasa da Dodgers, da kuma a 1988, da Kirk Gibson na Dodgers ya fito da rauni a ƙafa ya yi bugun da ya ci wasan farko na zagayen ƙarshe na fitar da zakara, Scully ya faɗi abin da ya faru a taƙaice sannan ya ja bakinsa, ya bar mai sauraro ya ji sowar jama'a. A ganina wannan ya fi duk wata gwanintar harshe wuya, kuma yawancin masu sharhi ba su da haƙurin yin sa.

Bai kamata a bar sashen Sifaniyanci a baya ba. Tun 1958 ƙungiyar take watsa wasanninta da wannan harshe, kuma Jaime Jarrín, ɗan asalin ƙasar Ekwado, ya yi wannan aiki daga 1959 zuwa 2022. A 1981, da matashin mai jifa Fernando Valenzuela na Dodgers, ɗan ƙasar Meziko, ya girgiza gasar, Jarrín ne tafintansa, kuma ta muryarsa dubban iyalai 'yan asalin Meziko suka rungumi ƙungiyar, duk da cewa a unguwar da aka tashi irin waɗannan iyalai ne aka gina filin Dodgers da aka buɗe a 1962.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ni ɗan kasuwa ne a Kano. Na ji ana cewa mazaunin Los Angeles yana iya biyan kuɗin kallon besbol ta intanet amma a toshe masa wasannin ƙungiyar garinsa. Yaya za a yi ƙungiya ta hana magoya bayanta kallonta?

AMSA: Alhaji, haka abin yake, kuma tushensa kuɗi ne. Hukumar gasar, MLB, tana sayar da haƙƙin nuna wasu wasanni ga manyan tashoshi na ƙasa baki ɗaya, amma mafi yawan wasannin kowace ƙungiya ita ke sayar da su a yankinta. Tashar da ta biya maƙudan kuɗi ba za ta yarda a sami wata hanyar kallo a wannan yanki ba, shi ya sa manhajar MLB.TV take toshe wasan ƙungiya ga duk wanda ke zaune a yankin da aka ware mata. A wasu wurare, kamar jihar Iowa, ƙungiyoyi shida ne ke ikirarin yankin, duka kuma a toshe suke.

Na Dodgers ya yi tsanani ƙwarai. A 2013 ƙungiyar ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin Time Warner Cable ta shekara 25, wadda aka ruwaito ta kai dala biliyan 8.35, aka kuma buɗe tasha ta musamman mai suna SportsNet LA a 2014. Don ya mayar da kuɗinsa, kamfanin ya nemi sauran kamfanonin rarraba tashoshi su riƙa biyan kusan dala 5 a wata a kan kowane gidan da suke yi wa hidima, ko gidan yana kallon besbol ko ba ya kallo. DirecTV da wasu suka ƙi. Sakamakon haka gidaje masu ɗimbin yawa a birnin suka rasa wasannin, ba a kuma sasanta da DirecTV ba sai a Afrilun 2020.

Abin da ya fi damuna a wannan lamari shi ne lokacin da ya faɗo. Shekaru ukun ƙarshe na aikin Scully, daga 2014 zuwa 2016, duk a cikin wannan takaddama suka wuce, wato tsofaffin da suka girma da muryarsa, da jikokin da ya kamata su gaje su, da yawansu ba su gan shi a allo ba. A ƙarshen kakar 2016 an bari tashar KTLA, wadda ake kamawa kyauta, ta nuna wasu daga wasanninsa na ƙarshe. Kuɗin ya taimaka wa ƙungiyar ta sayi manyan 'yan wasa, wannan ba a musu, amma ban ga hikima ba a rufe wa yaro ƙofar kallon wasan da ake so ya girma yana ƙauna, alhali tarihin ƙungiyar kanta ya nuna cewa watsawa kyauta ce ta tara mata jama'a. Tsarin ma ya fara rushewa: a 2023 kamfanin Diamond Sports, mai riƙe da haƙƙin ƙungiyoyi da dama, ya shiga kotun fatara, har MLB ta karɓi aikin watsa wasannin San Diego Padres da Arizona Diamondbacks da kanta.

TAMBAYA: Daga Maraɗi nake. Shin mutum zai iya bin waɗannan wasanni daga nan?

AMSA: Zai iya, Malam, ta manhajar MLB, wadda ke ɗauke da hoto da kuma sharhin rediyo na Turanci da na Sifaniyanci ga wanda ya biya, kuma toshewar yanki da aka yi bayani a sama ba ta shafi mazaunin Nijar ko Najeriya ba. Sharhin rediyon ya fi sauƙin data nesa ba kusa ba. Matsalar ita ce lokaci: wasan da aka fara da ƙarfe 7 na yamma a Los Angeles yana kamawa da ƙarfe 3 na dare a Maraɗi da Kano, kuma yakan ɗauki fiye da awa biyu da rabi. Wasannin ranar Lahadi, waɗanda galibi da rana ake buga su a can, suna faɗowa da misalin ƙarfe 9 na dare a nan.