Allurar bindigata tana huda gindin harsashi: in gyara ko in sake sakata?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mafarauci ne, ina zaune a Aboabo cikin Kumasi, ƙasar Gana. Ina da raifil mai sakata (ƙarfen da ake ja a tura harsashi a kulle, allurar da ke buga harsashi tana cikinsa) da na gada wurin mahaifina, da lasisinta. Kwanan nan in na harba sai in ga wani ɗan tudu ya zagaye inda allura ta buga a gindin kwanso. Sau ɗaya ma wurin ya huje, na ji zafi ya bugar mini kunci. Wani abokina ya ce in kai sakatar Suame Magazine, unguwar makanikai, a ɗiga mata walda a sake hudawa. In yi haka, ko in nemi sabuwar sakata?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin komai, ka jingine bindigar nan, kada ka ƙara harba ko ɗaya. Zafin da ka ji a kunci hayaƙin albarushi ne ya biyo ramin allura ya dawo baya, kuma idonka na nan kusa da wurin.

Ka ɗauko kwanson da ka harba ka duba shi a rana. Ɗan idon nan da ke tsakiyar gindinsa, wanda allura ke bugawa wuta ta tashi, ƙarfensa siriri ne mai laushi. Idan ramin da allura ke fitowa ta cikinsa ya fi kan allurar faɗi, sai a sami giɓi a kewayenta. Lokacin harbi matsin da ke cikin kwanso yana tura ƙarfen idon cikin giɓin nan, shi ne tudun da kake gani, har farce yana kama shi. In ya yi yawa sai ya yanke ɗan faifai ya faɗa cikin sakata. Kowace hudawa kuma hayaƙin yana ƙara cin bakin ramin da kan allurar, gobe ta fi yau muni.

Maganar walda kuwa, ban yarda ba ko kaɗan. Ba raina masu aikin Magazine nake yi ba, mutanen da ke tayar da injin da kowa ya fid da rai da shi. Amma sakatar raifil an gasa ƙarfenta ne da awo a masana'anta, kuma haƙoran da ke kulle ta suna dab da fuskar da za a ɗora wa wuta. Zafin walda na iya sa su yi laushi ko su yi gautsi, ido kuma ba ya gani. Harsashin raifil irin .308, alal misali, matsinsa yana kaiwa fam 62,000 a kan kowane inci murabba'i, alhali bindigar tsuntsaye mai lamba 12, wadda yawancin maharbanmu ke riƙewa, galibi ba ta wuce 11,500. Dabarar da ta yi wa waccan aiki a nan tana iya makanta mutum.

Gyaran da masu sana'ar suka sani shi ne sa bushin. A kan injin juya ƙarfe ake ɗora sakatar, a zaunar mata da ɗan zoben ƙarfe mai tauri a fuska, a yi sabon rami daidai tsakiya, a rage kan allurar ta shige shi cif. A raifil irin Remington 700, alal misali, akan sauko da kaurin allura daga kusan milimita 1.9 zuwa 1.6. Aiki ne na awo, wanda kuskuren kaurin gashin kai ɗaya ke ɓata shi. Kuma mai gyaran kirki ba zai taɓa ramin ba sai ya duba sifirin ɗin allura ko ya saki, da tazarar da ke tsakanin fuskar sakata da mazaunin harsashi, da irin harsashin da kake saye, domin duk ukun nan suna kawo wannan alama.

Sabuwar sakata ba a zura ta kawai a tafi daji. Ita ma sai an auna tazarar nan, ga shi shigo da ita sai da izinin Ma'aikatar Cikin Gida. Ni dai gyara na fi so maka, in an sami hannun da ya iya. Ka je ofishin 'yan sanda inda kake sabunta lasisi duk shekara, ka tambaye su mai gyaran da hukuma ta yarda ya taɓa bindiga, ka tafi masa da kwanso uku ko huɗu. Tunda ka ce gado ce, ka tabbatar takardar da sunanka take, ba na marigayi ba. Daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba an rufe farauta, sai ka ba shi aikin a lokacin, ba mai gaggauta shi.

Tambaya: Wani zai sayar mini da tsohuwar raifil a Asawase, kuɗin da sauƙi. Me zan duba?

Amsa: Takarda tukuna, ɗan'uwa. Lambar da ke jikin bindiga ta dace da ta lasisi, kuma a gaban 'yan sanda za a sauya suna. Sannan ka zare sakatar ka haska fuskarta da tocila. In ka ga bakin ramin allura ya zaizaye, ko baƙin zobe mai ƙananan ramuka ya kewaye shi, ko alamar an taɓa sa mata wuta, ka mayar masa da abarsa. Ka ce ya kawo kwanson da ya harba da ita kwanan nan, ka shafa gindinsa da farce.