Wa Ya Gina Hasumiyoyin Ailan?

Tambaya: Malam, ɗana da ke karatu a ƙasar Ailan ya aiko mini da hoton wata doguwar hasumiyar dutse mai ƙofa can sama, ya ce mutanen wurin suna cewa a dare ɗaya aka gina ta. Mene ne gaskiyar lamarin? Daga wata mai karatu, Tudun Wada, Zariya.

Amsa: Hajiya, maganar dare ɗaya almara ce. Malaman coci ne suka sa aka gina hasumiyoyin nan tsakanin ƙarni na 10 da na 12 don kaɗa ƙararrawar ibada, amfanin da masanin tarihin ƙasar, George Petrie, ya nuna a 1833, kuma kimanin 65 sun saura har yau. Ta Glendalough, wani tsohon wurin ibada a ƙasar, ta kai mita 30, ƙofarta kuwa ta ɗara mita 3 daga ƙasa. An daɗe ana cewa don tsoron maharan Viking, masu zuwa ta teku daga arewacin Turai, aka ɗaga ƙofar, amma masana da dama na ganin dabarar gini ce, saboda tushen ba shi da zurfi, ƙofa a ƙasa za ta raunana bangon.

A bakin manoman ƙasar kuwa, kusan duk tsohon gini aikin wani gwanin magini ne mai suna Gobán Saor. An ce wani sarki ya sa shi gina fada, ya ƙudurta kashe shi da an gama, don kada wani ya samu irinta. Gobán ya gane, sai ya ce akwai kayan aikin da ya baro gida wanda babu mai karɓo shi sai ɗan sarki. Da yariman ya isa, matar ɗan Gobán ta nuna masa wani ƙaton akwati, yana sunkuyawa ta tura shi ciki ta rufe, ba ta sake shi ba sai da surukinta ya dawo lafiya.

Wannan labari ba zai zama baƙo ga Bazazzagi ba, domin ana faɗin makamancinsa game da Babban Gwani Mika'ila, wanda ya gina masallacin Juma'a na birnin Zariya, sai dai shi an ce bai tsira ba. A ganina, ba a ƙirƙira wa magini irin wannan labari sai aikinsa ya fi ƙarfin fahimtar jama'a.

Ki gaya wa yaron ya nemi tarin labaran da ɗaliban firamare na Ailan sama da 50,000 suka rubuto daga bakin kakanninsu tsakanin 1937 da 1939. Yana intanet, kuma cike yake da labaran zinariyar da aka binne a kufan fadoji, baƙin kare yana gadi.