Zauren Injiniya: Janareta ya haɗa ni da maƙwabta a wurin zango

TAMBAYA

Assalamu alaikum Baba Injiniya. Ina rubuto maka daga Denba ta jihar Kolorado a Amurka, inda nake aiki shekara shida ke nan. Bara na sayi tirela ta hannu, irin ɗakin kwanan nan da ake ja da mota, mai gado da kicin da banɗaki da esi a sama. Hajiyarmu za ta zo mana daga Katsina, ina so in kai ta gandun dajin Yellowstone ta ga ikon Allah. Don gwaji muka je wani zango kusa da mu ni da iyali, na ari janareta mai wat 4,000 wajen abokina, irin na masu aikin gini. Ban yi rabin awa da tayar da shi ba wani dattijo ya zo cikin ladabi ya ce ƙarar ta hana jikansa barci. Kunya ta kama ni, na tura injin ƙarƙashin tirelar na kewaye shi da kwalaye. Ƙarar ta ragu, sai dai da dare uwargida ta yi ta kukan ciwon kai har na kashe shi. Yanzu ina tunanin in sa kafinta ya yi masa akwati. Me ka gani? Kuma wane irin inji ya kamata in saya?

Ɗanka, daga Denba

AMSA

Wa alaikumus salam, ɗana. Da na ga kalmar tirela sai da na gyara zaman tabarau, don a nan gida in aka ce mutum ya sayi tirela, ta dakon siminti ake nufi. Da na kai wurin gado da kicin na gano ka, domin shekarar da na je wajen 'yata a ƙasar taku, mijinta ya kai mu irin wannan zango mun kwana uku.

Ajiye maganar kafinta tukuna. Ciwon kan uwargidanka shi ne babban labarin wasiƙar nan, kai kuma ka maƙala shi a ƙarshe kamar ba komai ba. Allah ne ya tsare ku a daren nan. Abin da ya shigo muku ɗaki iska ce da ake kira kabon monoksayid, tana fita daga salansar duk injin da ke ƙona fetur. Ba ta da wari, ba ta da launi, ba ta sa tari. Baƙin hayaƙin da ido ke gani daban, ita daban. Inji na iya aiki fes ba ko ɗigon hayaƙi, alhali yana ta zubo ta. In ta shiga huhu, jini ya fi kama ta a kan iskar da muke rayuwa da ita fiye da sau 200, sai ya ɗauke ta ya bar waccan. Farko ciwon kai, sai jiri da tashin zuciya da kasala, sai barci mai nauyi. Na farke yana iya cewa ga abin da nake ji. Wanda ya riga ya yi barci ba ya tashi ya faɗa. Hukumar kare masu sayen kaya ta Amurka ta sha gargaɗin cewa janareta guda na iya fitar da wannan iska kwatankwacin ta ɗaruruwan motoci, saboda motar zamani tana da matatar hayaƙi a salansarta, janareta ba shi da ita.

Na ga aikinta da idona. Wata damina, yaron shagona da ke kwana a can ya ji tsoron ɓarayi, ya jawo ƙaramin inji cikin shago ya ja ƙofar ƙarfe, ya bar ɗan tsaga a ƙasa wai iska za ta riƙa shiga. Fanka kawai yake son ta juya masa. Da safe na buga ƙofa shiru. Da muka ɓalle ta, ga shi kwance a bakin ƙofa, hannunsa ɗaya a miƙe wajen sakata, ya yi amai, idonsa biyu amma ƙafafunsa sun ƙi ɗaukarsa. Abin da ya cece shi man injin ne ya ƙare cikin dare. Mutanen layi suka taru, wani ya ce gamo ya yi, wani ya ce abincin jiya ne. A asibiti aka sa masa iskar oksijin, ya kwana biyu. Har yau in na ji an ce an wayi gari iyalin gida guda sun rasu a ɗaki ana zargin abinci, tambayata ta farko ita ce ina aka ajiye inji.

Ƙarƙashin tirela ya fi tsagar ƙofar nan muni. Daɓenta cike yake da ƙananan ramuka inda bututun ruwa da na gas da wayoyi suka ratsa. In kuma kun kunna fankar rufi mai fitar da iska waje, dole ɗakin ya jawo wata iskar ta maye gurbi, kuma daga ƙasa da tagogi zai jawo ta. Kwalayen da ka kewaye injin da su sun tara hayaƙin wuri guda, ga su kusa da salansa mai zafin da zai iya tayar da gobara. Akwatin kafinta ma haka ne da ɗan ado. Irin waɗannan injina iska ke sanyaya su, in ka toshe ta sai su yi zafi, baƙin mai ya tsinke, kwayil ya ƙone. Garin neman gira kada a rasa ido.

Ƙa'idar da hukumomin lafiyarku suka bayar ita ce inji ya yi nisan ƙafa 20 aƙalla daga ƙofa da taga da duk wata kafar iska, wato kimanin mita 6, kamar taku takwas na babban mutum. Bakin salansa ya kalli nesa da ku. Ka jiƙa yatsa ka ɗaga ka ji inda iska ke kaɗawa, ka ajiye shi ta inda za ta kwashe hayaƙin ta yi gaba da shi. Kada ka sa shi ƙarƙashin rumfar tamfol ɗin da ake warewa a gefen tirela, tana riƙe hayaƙi. Ka kuma duba bayanka: in nesa da kai na nufin kusa da tantin wani, ba ka yi komai ba, ka dai mayar da gubar kan mutanen da ke kwance a ƙasa, ƙyalle kawai ya raba su da ita. In tsoron sata ne ke sa ka jawo shi kusa, sarƙa da kwaɗo sun isa.

A cikin tirelar akwai ƙararrawar da ke jin wannan iska. Tunda ta hannu ka saya, kuma ba ta yi kuka ba a daren nan, ina zargin ta mutu ko an cire mata wuta. Ciro ta ka duba kwanan watan da ke bayanta. Yawancinsu shekara biyar zuwa bakwai suke yi su daina ji, ko da fitilarsu na ci. Sayi sabuwa, ka ƙara wata mai batir kusa da gadon Hajiya. Ranar da ta yi kuka, kowa ya fita waje tukuna, a kashe inji, in akwai mai jiri a kira 911, lambar agajin gaggawa ta ƙasarku. Ba a tsayawa neman dalili a ciki.

Yanzu ƙara. Dattijon nan ya yi maka kara, da ma'aikacin gandun daji ne ya zo da ka ji wata magana. Dokar gandun dajin tarayya a Amurka ta hana injin da ƙararsa ta wuce desibel 60 in aka auna daga nisan ƙafa 50, wato mita 15. Desibel shi ne ma'aunin ƙarfin ƙara, 60 kuwa kamar hirar mutum biyu ce. Injin masu gini irin wanda ka aro, mai tsirara a cikin ƙarfe, yakan kai 70 zuwa 75 ko fiye daga mita 7. Kada bambancin lambar ya ruɗe ka, duk ƙarin 10 kunne na jin sa kamar an ninka ƙarar. Nisa kuma rowa gare shi: in ka ninka shi, desibel 6 kawai ke sauka. Na yi lissafi a bayan ambulan, injin da ke ba da 75 sai ka kai kusan mita 40 daga gare shi kafin ƙarar ta sauka zuwa 60. A wurin zango, mita 40 gidan mutum na uku ne.

Don haka shirun saye ake yi tun daga kanti. Nemi janareta mai inbata, wanda aka rufe jikinsa tun daga masana'anta da hanyoyin iskarsa. Na gargajiya dole ya riƙa gudu ɗaya ko da waya kawai kake caji, shi kuwa mai inbata yana rage gudu in kaya ya yi sauƙi, shi ya sa ba ya ihu, ba ya shan mai da yawa, wutarsa kuma ba ta lalata kwamfuta. Misalin da na fi sani Honda EU2200i: nauyinsa kilo 21, yana ba da wat 1,800 a tsaye, 2,200 na ɗan lokaci, ƙararsa a rubuce 48 zuwa 57. Tankinsa bai kai lita huɗu ba, amma yana yin awa takwas in kwatan ƙarfinsa kake ci. Akwai na wasu kamfanoni masu rangwamen kuɗi. Kowanne ka zaɓa, ka tabbata yana da na'urar da ke kashe shi in gubar ta taru a kusa da shi, yawancin sababbi suna da ita. Amma hancinta a jikin injin yake, ba ta san abin da ke faruwa a ɗakinku ba. Ka kuma tabbata salansarsa na da ragar tare tartsatsi, don a dazukan gwamnatinku doka ce.

Esi shi ne mai cin wuta. Irin wanda aka fi sa wa tirela yana cin wajen wat 1,500 in yana tafiya, amma lokacin tashi yakan fizgi ninkin haka. Ƙaramin inji sai ya yi tari ya yanke. Magani uku ne: ka sa wa esin na'urar da ke tayar da shi a hankali, ko ka haɗa ƙananan inji biyu da wayar haɗi, ko ka sayi mai wat 3,000 zuwa sama. Ga kuma abin da mai kanti ba lallai ya faɗa maka ba. Inji yana rasa kimanin kashi uku da rabi cikin ɗari na ƙarfinsa a duk hawan mita 300, saboda iskar tudu ba ta da kauri. Denba kanta tana kan mita 1,600, Yellowstone kuma wajen 2,400. A can, mai wat 1,800 zai koma kamar mai 1,300.

Sai dai ni a ganina ba esi Hajiya za ta nema a can ba, bargo za ta nema. Ko a tsakiyar watan Yuli daren Yellowstone ya fi hunturun Katsina cizo. Abin ɗumama ɗakin tirela da gas yake aiki, fankarsa kuma da batir. To aikin janaretanka ya cika batir da rana, awa biyu ko uku, da dare batir ya ɗauki fitila da fanka da caji. Dama ba ko'ina aka yarda a tayar da inji a gandun ba, inda aka yarda kuma daga ƙarfe takwas na safe ne zuwa takwas na dare. Irin wannan doka na gani a zangon da muka je. Lokaci na cika injina suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya ba wanda ya ce da kowa uffan, sai ga kukan rafin da ban ma san yana wurin ba. In kana son wutar da ba ta yankewa, zangon Fishing Bridge ne kaɗai a gandun ke da wutar jonawa, sai ka kama wuri tun da wuri.

Saura ƙananan abubuwa. Tunda injin zai yi nisa, sayi wayar tirela ta ainihi mai ɗaukar amfiya 30, mai lamba 10 a awonsu na kaurin waya, ka warware ta duka, don waya a naɗe zafi take yi. In na'urar kariyar wutar tirelarka ta ƙi karɓar wutar mai inbata, ba lalacewa ba ce, akwai ɗan fulogi mai arha da ake sokawa a jikin injin ya gyara wannan. Kada ka tayar da shi cikin ruwan sama sai da irin rumfarsa mai buɗaɗɗen gefe. Kuma kada wata rana ka ɗauko shi tsaraba zuwa Katsina, wutarsa 120 ce, tamu 230.

Ka gaishe da uwargida. In ciwon kan ko mantuwa ya ci gaba, ta ga likita, ku faɗa masa zancen hayaƙin.

TAMBAYA

Injiniya barka da aiki. Mu lokacin girbin shinkafa a Kura muke kwana a gona cikin bukkar zana. Muna da ƙaramin janareta Tiger na fitila da cajin waya. Tunda fili ne, akwai wata matsala?

Wani manomi, daga Kura

AMSA

Barka kadai, Malam. Fili ya rage muku haɗarin hayaƙi, bai kore shi ba. Zana da aka lulluɓe da leda ko tamfol saboda sanyi ɗaki ce. Inji ya zauna waje, taku takwas, ta inda iska za ta tafi da hayaƙin, ba a bakin bukka ba. Shi wannan ƙaramin da ake gauraya masa baƙin mai cikin fetur ya fi girmansa hayaƙi.

Ku naku babban haɗarin wuta ce. Gonar da aka yi girbi duk tattaka ce da ƙaiƙayi, ga iskar hunturu. Ku share wurin da za ku ɗora shi har ƙasa ta fito, faɗin tabarma ta kowane gefe. In mai ya ƙare, a bar shi ya huce kamar minti goma sha biyar kafin a zuba wani, domin ɗigon fetur a kan salansa mai zafi ya isa. Da tocilan ake haskawa, ba da ashana ko aci-balbal ba. Jarkar fetur kuma ta kwana nesa da injin, nesa da murhun shayi, a kan ƙasa a rufe, da bokitin yashi a gefenta.