Hanci ya fi ido sanin tsohon cokali

Wai ta yaya ake bambance tsohon cokali da sabon da aka turara? Shekara biyu kana share rumfar nan, sai yau ka ga damar tambaya? Ajiye wayar nan tukuna, yaro.

Ba zan tsaya koya maka ludayi da koshiya ba. Duk wanda ya sha fura a gidan ubansa ya san na duma, ya san na icce.

Lokacin farin 1984 Buzaye suka yi ta gangarowa Kano daga wajen Agadas, dabbobi sun ƙare, suna sayar da ɗan abin da ya rage. A hannun wata tsohuwa na sayi cokula 12 na iccen aduwa, sassaƙar maƙeransu, an ƙona musu zane a mariƙi da ƙarfe mai zafi. Ko a lokacin babu mai irinsu a kasuwar Kurmi, ni na sani. Sai ga wani ɗan kamasho, irin masu jan Turawa cikin kasuwa, wai yana da Bafaranshe mai tara cokulan gargajiya, in ba shi ya kai masa ya gani. Sahunmu ɗaya a masallaci, na miƙa masa, ba shaida ba rubutu. Yau Bature ya tafi Yankari, gobe Bature ba shi da lafiya, har mako uku. Ranar da ya dawo da su, a tsumman da na naɗe su, wai ciniki bai faɗa ba. Na ƙirga, 12 cif, na jefa akwati har ina ba shi haƙurin wahala. Ni!

Sai da damina ta sauka na buɗe. Warin hayaƙi da man gyaɗa ya buge ni. Na goga ɗaya da jiƙaƙƙen ƙyalle, baƙin ya biyo shi. Ashe masassaƙi ya kai wa aka kwaikwaya, aka rataye su a madafa suka sha hayaƙi. Nawa kuwa sun daɗe da hawa jirgi. Har ya mutu ban ƙara amsa sallamarsa da daɗin rai ba, Allah ya yafe mini.

To shinshina. Cokalin da ya yi shekaru cikin nono ƙanshin man shanu yake yi, kuma duhunsa ya shige cikin icce, ba ya gogewa. Sannan dubi bakinsa: da dama ake ci, saboda haka gefe ɗaya ne ke cinyewa wurin kankare akushi. Na jabu bakinsa daidai yake ko'ina, ko kuwa an ci shi da sanfefa, sawun na nan.

Ku yaran yanzu hoto kuke ɗauka ku tura wa mai saye, wayar kuma ba ta da hanci. Kuma kada na kuskura na ga ka wanke min ko ɗaya da sabulu. Miƙo min wancan na ƙasan tire, ka faɗa min nawa za ka taya.