Ruwan Wurin Ninkayarmu Ya Koma Kore Bayan Hunturu, Yaya Zan Yi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ce mai kula da wani ƙaramin masaukin baƙi a Jos. Tun Disamba muka rufe wurin ninkaya saboda sanyi, muka kashe inji. Yanzu zafi ya kunno kai, mai wurin yana so a buɗe cikin mako guda, ga ruwa ya yi kore shar, ƙura ta kwanta a ƙasa, har tsutsar sauro nake gani. Wani mai gyara ya ce zai haɗa hodar kulorin da ƙwayoyinsa da asid a bokiti ɗaya ya zuba, washegari a shiga. Hankalina bai kwanta ba, don yara ne suka fi shiga. Mu kwashe ruwan ne, ko mu bar shi ya yi aikinsa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Kafin komai, kada mutumin nan ya kuskura ya haɗa wannan bokiti a wurinku.

Ruwan dai galibi ba sai an kwashe ba. A tsame ganye da raga, a goge bango da buroshi, a ƙara ruwa ya kai tsakiyar bakin da ke zuƙar datti. A cika tukunyar inji da ruwa kafin a kunna, in ba haka ba robar cikinsa ta ƙone, sannan a wanke yashin matatar ruwan, wato filta. A sauko da pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, zuwa 7.2, domin in ya yi sama kulorin ba ya cin gansakuka yadda ya kamata. Da yamma, rana ta faɗi, a ɗaga kulorin zuwa 10 ppm (ma'aunin yawansa a cikin ruwa) ko fiye, a riƙe shi a nan ana gwadawa ana ƙarawa, inji yana aiki dare da rana. Dizal zai tafi, ki sanar da mai wurin tun yanzu. In kore ya koma fari-fari kamar tsinkakken koko, a sa alif, a kashe inji ya kwana, da safe a zuƙe abin da ya kwanta a zubar waje. In kuma ruwan ya yi ja-ja bayan zuba kulorin, ƙarfen ruwan burtsatse ne, matatar ruwan za ta kwashe shi.

To, mu koma kan bokitin, don shi ne abin da na gaji da faɗa. Kusan duk inda na je sai na tarar da wanda ya yi imanin cewa haɗa magunguna wuri ɗaya yana ƙara musu ƙarfi. Ƙarya ce, kuma tana kai mutane asibiti. Hodar nan calcium hypochlorite ce, kulorin ɗinta kashi 65 zuwa 70 cikin 100. Ƙwayar kuwa trichlor ce, kusan kashi 90, kuma tana da tsami. Sunansu ɗaya a bakin 'yan kasuwa, amma ba sa ga-maciji: ɗan danshi kaɗan ya ishe su su ɗau zafi, su yi hayaƙi, su kama wuta ko su fashe a fuskar mai damawa. Asid kuma in ya taɓa ko wanne, iskar kulorin ce ke tashi, irin wadda sojojin Jamus suka saki a Ypres ta ƙasar Beljiyam a 1915. Ta fi iska nauyi ninki biyu da rabi, sai ta gangara ta kwanta a ɗakin inji, wanda sau da yawa a rami yake, babu taga. Wa ake aikawa can ya kunna inji? Yaron da ke share wurin.

Mai gyaran zai ce miki, “Hajiya, kin ji ƙarfin maganin?” idan kowa ya fara tari da hawaye. Wannan warin kulorin ɗin da kuka saya ne ya bi iska, bai shiga ruwa ba. A Amurka ma, inda kowane mazubi yake da gargaɗi, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar, CDC, ta ƙiyasta sama da mutum 4,500 ke zuwa sashen gaggawa duk shekara saboda magungunan wurin ninkaya. Ina ga nan, da ake auna hoda a leda babu ko suna a jiki, kuma kowa ya riƙe raga sau biyu ya zama injiniya?

Ba a bokiti kaɗai ake wannan haɗin ba. Kofi ɗaya a ɗebi hoda a ɗebi ƙwaya da shi, haɗi ne. Zuba hoda a mazubin ƙwaya, haɗi ne. A zuba magani ta bututu an ɗauke wuta, a bi shi da asid, su taru su jira. Wuta na dawowa iskar ta bulbulo tsakiyar masu iyo. Na sha ganin durom ɗin hoda jingine da jarkar dizal a ɗakin janareta, wannan gobara ce ke jiran lokacinta. Kowane magani da mazubinsa, da ma'auninsa busasshe, da lokacinsa, a bar sa'o'i tsakani, inji na aiki. Kuma maganin ake zubawa cikin ruwa, ba ruwa cikin magani ba.

Ranar buɗewa ba mai wurin ke sa ta ba, gwaji ke sa ta. Sai kin tsaya a baki kin hango murfin magudanar da ke mafi zurfi sarai, kuma bai fashe ba, domin yaron da ya nutse a ruwa mai hazo ba a ganinsa. Kulorin ya sauko tsakanin 1 da 3 ppm, pH tsakanin 7.2 da 7.8, kuma awon kulorin na dare da na asuba kada su bambanta da fiye da 1. In mako bai isa ba, a ɗaga.

In kuwa wani ya riga ya shaƙi hayaƙin, a fitar da shi fili inda iska ke kaɗawa, a wanke idonsa da ruwa minti 15, a wuce asibiti ko da ya ce ya ji sauƙi, don huhu kan kumbura bayan sa'o'i. Kada a tsaya ɗura masa manja ko madara, ba a cikinsa abin yake ba.